Wa Ya Ce Abuja Ba Ta da Tarihi?

  Yau yawon buɗe ido za mu fita, amma ba jirgi za mu hau ba, ba kuma biza za mu nema ba. Abuja za mu zagaya, babban birnin tarayyarmu.

Mutanenmu da yawa suna shigowa garin nan kullum. Wani neman aiki ya kawo shi, wani takardun fansho, wani ya zo ganin ɗan majalisarsa, wata asibiti aka turo ta, wani jirgin Makka zai kama. A sauka a tashar Jabi ko Zuba, a gama abin da aka zo yi, a juya. In ka tambayi mutum me ya gani, sai ya ce tituna masu faɗi, dogayen gine-gine, da tsadar abinci. In ka ƙara matsa shi, sai ya ce maka ai Abuja garin jiya ne, ba ta da tarihi, in tarihi kake so ka tafi Kano ko Katsina ko Daura. Wannan maganar ce nake so mu zauna mu duba yau, domin ni ban yarda da ita ba.

Bari mu ɗan leƙa Turai tukuna. A shekarar 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Malam Abubakar Imam ya tafi Ingila tare da wasu editocin jaridu na Afirka ta Yamma, da ya dawo ya rubuta littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi don mutanensa su ga abin da ya gani. Tun daga wancan zamani har yau, duk ɗan Arewa da ya je Landan ko Paris ko Roma yakan dawo da labarin tsofaffin fadodi da majami'u da gidajen tarihi. Gaskiya ne garuruwan sun tsufa. Amma ba tsufa kaɗai ke jan miliyoyin baƙi zuwa can ba, kula ce. A Landan, tun 1866 suka fara wata al'ada ta manna ɗan allo zagayayye a bangon gidan da wani shahararren mutum ya taɓa zama, a rubuta sunansa da aikinsa da shekarunsa. Yau allunan shuɗaye ne, kana tafiya a titi kana karanta tarihi a bango. Babban gidan tarihinsu an kafa shi tun 1753, kuma shigarsa kyauta ce. A Paris, fadar sarakuna ta Louvre aka mayar gidan tarihi a 1793. Za ka ga malama ta jero ɗalibanta ƙanana, tana tsayawa da su gaban kowane abu tana yi musu bayani. Yaron da ya tashi haka ba zai taɓa cewa garinsu ba shi da tarihi ba.

To mu dawo gida. Sunan Abuja kansa ya girmi ginin birnin da kusan shekara 150.

A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, masu jihadi suka ci Zariya. Sarkin Zazzau na Haɓe a lokacin shi ne Muhammadu Makau. Labarin da mutanensa suka riƙe shi ne, yana masallacin Idi a wajen ganuwa aka auko masa, bai samu damar komawa cikin gari ba, sai ya yi kudu da jama'arsa har Zuba, ƙasar Koro. Zuban nan dai da kuke sauka ku sauya mota, ita ce. Makau ya ci gaba da yaƙi har ya rasu a fagen daga a wajen Lapai a 1825. Ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya gaje shi, a 1828 ya kafa sabon gari aka sa masa sunansa, Abuja. Garin ya yi ganuwa, ya yi fada, ya riƙe sarautu irin na tsohon Zazzau, kuma bai faɗa hannun Fulanin Zariya ba har Turawa suka iso a 1902. Bayan Abu Ja an yi Abu Kwaka, an yi Ibrahim Iyalai, an yi Muhammadu Gani, an yi Musa Angulu, sannan Sulaimanu Barau, wanda ya hau a 1944. Malam Hassan Dallatu da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin masarautar, aka fassara shi zuwa Turanci, masana har gobe suna dogara da shi.

Da gwamnatin tarayya ta ɗauki sunan Abuja ta ba sabon babban birni, sai tsohon garin ya koma Suleja, don tunawa da Sarki Sulaimanu. Shi ya sa har yanzu sarkin can ake ce masa Sarkin Zazzau Suleja. Saboda haka duk wanda zai fara zagayen Abuja da gaske, ni a ganina daga Suleja ya kamata ya fara, ko da yake a jihar Neja take. Ka tsaya a ƙofar fada ranar hawan Sallah, ka saurari tambura da kakaki, ka ji Hausar dattawan garin, za ka san cewa wani reshen Zazzau ne ya yi saiwa a nan.

A kan hanyar Suleja ce kuma za ka haɗu da Dutsen Zuma, kusa da Madalla, a kan titin Kaduna. Dutse ne guda ɗaya dunƙulalle, ya tashi kimanin mita 300 daga ƙasan da ke kewaye da shi. In ka tsaya a daidai wurin da ya dace, za ka ga wasu zane-zane a jikinsa da suka yi siffar fuskar mutum, ga idanu, ga hanci, ga baki. Da damina ruwa yakan gangaro ta jikinsa ya bar layuka baƙaƙe, gajimare ya sauko ya rufe kansa. Mutanen da ke zaune a gindinsa tun kaka da kakanni suna girmama shi, kuma sun fake da shi a zamanin yaƙe-yaƙe. Hotonsa ne a bayan tsohuwar takardar naira ɗari. Direbobi na wuce shi a guje kullum. Malam direba, in da hali, ka ɗan rage gudu ka nuna wa yaran da ke cikin motar, kada su wuce shi suna barci.

Yanzu ina roƙon kowa ya laluba aljihunsa, ko Hajiya ta kwance bakin zane, a nemo naira ashirin. A gaba hoton Janar Murtala Muhammad ne. Ku juya bayanta. Wannan matar da kuke gani ta sunkuya kan tukunya, sunanta Ladi Kwali, kuma 'yar ƙasar Abuja ce.

An haife ta wajen 1925 a garin Kwali, wanda yau ɗaya ne daga ƙananan hukumomi shida na birnin tarayya. 'Yar ƙabilar Gbagyi ce, waɗanda mu Hausawa muka saba kira Gwari, ko da yake su Gbagyi suka fi so a ce musu, kuma ya kamata mu kira su da sunan da suke so. A wurin gwaggonta ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya. Ginin nasu ba na na'ura ba ne. Maginiya za ta ɗora curin yumɓu a ƙasa ko kan wani abu, ta huda tsakiyarsa da hannu, ta ja shi sama, sannan ta riƙa murza yumɓu kamar igiya tana ɗorawa zagaye bayan zagaye. Tukunyar tana zaune wuri ɗaya, ita maginiyar ce ke kewaya ta, tana tafiya da baya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, har cikin randa ya fito ya yi sumul. Kafin ta bushe sai a ɗauko ɗan tsinke ko wuƙa a zana mata ado. Ladi takan zana kunama, da ƙadangare, da kada, da hawainiya, da kifi, da maciji, da tsuntsu, kowanne a cikin gidansa, an kewaye shi da layuka. Daga nan a tara itace da ciyawa a gasa a fili.

Sarki Sulaimanu Barau yana son aikinta, yana tara tukwanenta a fada. A can ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Cardew ya buɗe makarantar koyar da ginin tukwane a Abuja ta da, wato Suleja, a farkon shekarun 1950, Ladi kuma ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi aiki da na'urar juya yumɓu, da shafin da ke sa tukunya ƙyalli, da gashi a tanderu mai tsananin zafi, amma ba ta yar da ginin gidansu ba. Randunanta na hannu su suka fitar da sunanta. An baje kolin aikinta a Landan tun ƙarshen shekarun 1950, ta je Ingila da Amurka tana gini a gaban jama'a suna kallo. Matar da ba ta yi boko ba, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a watan Agusta na 1984. Yau tukwanenta suna cikin gilashi a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, baƙi daga ko'ina suna tsayawa kallonsu. Yaronmu kuwa yana sayen alewa da hotonta kullum bai san sunanta ba. Wannan abin yana damuna ƙwarai.

Sana'ar ba ta mutu ba. In ka je Ushafa, a ƙaramar hukumar Bwari, kusa da madatsar ruwan Usuma wadda birnin ke sha daga gare ta, za ka tarar da mata suna gini. Nan ne shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agusta na 2000. Ka je ka gaishe su, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto, ka sayi ko da ɗan kasko ne. A hanya kuma ka lura da matan Gbagyi masu dawowa daga gona: a kafaɗa suke ɗora kaya, ba a ka ba.

To yaya aka yi babban birnin Najeriya ya taso daga Legas ya sauka a wannan ƙasa? Legas ta cika ta batse, ga cunkoso, ga ƙarancin fili, ga ta a bakin teku can gefe guda, kuma ita ce hedikwatar tarayya ita ce ta jiha. A watan Agusta na 1975 gwamnatin Murtala ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa, inda kowa zai iya isowa, inda akwai fili da ruwa, kuma ba a ƙasar ɗaya daga manyan ƙabilu uku ba. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Murtala ya sanar da al'umma. Kwana goma bayan haka, ranar Juma'a 13 ga wata, aka kashe shi a Legas. Bai ga ko tubali ɗaya na birnin ba, Allah ya jiƙansa. Dokar soja mai lamba 6 ta yanko kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci. Wani kamfanin masu tsara birane na Amurka ya zana taswirar gari ya miƙa a 1979, shahararren mai zanen gine-gine na Japan, Kenzo Tange, ya tsara tsakiyar birnin. Shehu Shagari ya matsa aikin sosai a mulkinsa. Janar Ibrahim Babangida ne ya tare a Abuja, ranar 12 ga Disamba 1991, shekara guda da 'yan watanni bayan yunƙurin juyin mulkin Afrilun 1990 da aka kai wa barikin Dodan na Legas hari. A shekarar 1991 ɗin nan ce majalisar Jamus ita ma ta kaɗa ƙuri'ar komawa Berlin daga Bonn. Brazil kuwa tun 1960 ta yi irin namu, ta gina Brasilia a tsakiyar ƙasarta.

Akwai wani gefe na labarin da ba a cika faɗa ba, kuma adalci ne a faɗe shi. Ƙasar nan ba daji ba ce da babu kowa. Akwai Gbagyi, akwai Koro, akwai Gade, da Gwandara, da Bassa, da Ganagana, da Egbura, da Hausawa da Fulani, da gonakinsu da kaburburan iyayensu. Wuse, Garki, Maitama, Asokoro, Jabi, duk sunayen ƙauyukan mutane ne kafin su zama unguwannin manya. Da fari an yi niyyar kwashe kowa a fitar da shi wajen yankin, da aka ga kuɗin diyya ya fi ƙarfi sai aka sauya shawara. Mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a jihar Neja, wasu aka tsugunar da su a Kubwa, wasu suna nan inda suke birni ya zagaye su, kamar tsohon ƙauyen Garki da ke da sarkinsa har yau. 'Yan asalin yankin ba su da gwamna, minista ake naɗa musu, sanatansu ɗaya ne, kuma har gobe suna kukan filaye da diyya. Duk baƙon da ke cin arzikin garin nan, ni da kai, ya kamata ya san a ƙasar wa yake zaune, ya kuma riƙa ganin girmansu.

Mu shiga tsakiyar gari. Dutsen Aso ne ya tokare birnin daga gabas, a gindinsa aka jera fadar shugaban ƙasa da majalisar dokoki da kotun ƙoli. Wurin akwai tsaro, kada ka ɗaga waya ka hau ɗaukar hoto ba tare da ka tambayi jami'an da ke bakin aiki ba. Gaba kaɗan ga dandalin Eagle, inda Janar Abdulsalami Abubakar ya miƙa mulki ga Olusegun Obasanjo ranar 29 ga Mayu 1999. Daga nan ka hango ƙubbar Masallacin Ƙasa mai ruwan zinariya da hasumiyoyinsa huɗu, ginin 1984. Ba nisa da shi ga babbar majami'ar Kirista ta ƙasa, wadda aka kammala a 2005. Da gangan aka ajiye su suna hangen juna.

In kana son ganin Najeriya a wuri ɗaya, ka zo masallacin nan ranar Juma'a. Tun hantsi 'yan kasuwa suke shimfiɗa kaya a gefen titi: hulunan Bama da zanna-bukar, turaren wuta na Maiduguri, dabino, zuma a jarka, carbi, littattafan addini, man zaitun da habbatus-sauda, ga mai fura da nono ta kafa ƙwaryarta a inuwa. Minista da ɗan dako kafaɗa da kafaɗa a sahu ɗaya. Ana sallamewa sai ka ji Hausa da Yarbanci da Kanuri da Nufanci da Fillanci sun cakuɗe a bakin ƙofa.

Ko sunayen tituna makaranta ce. Ahmadu Bello, Herbert Macaulay, Shehu Shagari, Aminu Kano, Adetokunbo Ademola. A Asokoro za ka ga Kwame Nkrumah da Julius Nyerere da Nelson Mandela. A Maitama sunayen kogunan duniya aka bi. A Wuse akwai titin Ladi Kwali. Uba zai iya ɗaukar suna ɗaya kowace rana a hanyar makaranta ya gaya wa ɗansa ko wane ne. Amma in uban bai sani ba fa? Babu allon da zai gaya masa. A nan ne muka gaza. Hasumiyar Millennium da cibiyar al'adun da ke jikinta, da kuma ginin babban ɗakin karatu na ƙasa, duk an fara su ne tun wajen 2006, suka kwashe shekara da shekaru a tsaye ba a gama ba. Ɗan allo mai layi uku a bakin titi, da Hausa da Gbagyi da Turanci, ba zai ci kuɗin kwalbati ɗaya ba. Ina kira ga hukumar birnin da ƙananan hukumomi shida, da sarakunanmu na Abaji da Bwari da Kwali da Kuje da Karshi da sauransu, su ɗauki wannan da muhimmanci. Malaman makaranta kuma kada su jira gwamnati. Motar bas ɗaya da gudummawar iyaye ta isa a kai aji guda Ushafa.

Mai son hutawa da iyali, ga lambun Millennium a Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta buɗe a watan Disamba na 2003, lokacin taron ƙasashen renon Ingila. Ga tafkin Jabi da yamma. Ga babban filin wasa da aka gina don wasannin Afirka na 2003, wanda aka sa wa sunan Moshood Abiola a 2019. Mai tsaraba ya biya kasuwar Wuse, ko ya nufi Eriya Wan wajen masu kilishi.

Ga 'yan shawarwari kafin lokaci ya cinye mu. Lokacin da ya fi daɗin zagaye shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, duwatsu sun yi kore, sama ta washe. In hunturu ya kankama, hazo yakan rufe Zuma da Aso har ka kasa ganinsu sosai. Mai zuwa daga Kaduna yana iya hawa jirgin ƙasa daga Rigasa ya sauka a Kubwa ko Idu, layin da aka buɗe a 2016. A cikin gari babu acaɓa a manyan unguwanni, sai tasi. Ku shiga mota a tasha ko wurin da aka sani, ku guji tsayar da kowace mota a bakin titi, musamman da dare, saboda ɓarayin nan da ake kira 'yan wan-cans. In za ku fita wajen gari, Kwali ko Bwari ko Suleja, ku tafi da rana ku dawo da rana, ku tambayi mutanen wurin halin da hanya take ciki. In kun shiga ƙauye ku fara da gaida mai gari. Masallaci ko majami'a, a shiga da sutura ta mutunci, a kuma nemi izini. Ledar ruwa da robar lemo a riƙe su har a samu kwandon shara.

Jama'a, nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Wanda ya samu zuwa ɗaya daga wuraren nan, ya aiko mana da labarin abin da ya gani, za mu karanta a fili.